Biza da takardun komawa: abin da ya kamata miji ko matar ɗan Faransa su sani kafin tafiya

A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai akwai iyalai da yawa waɗanda ɗansu ko ɗiyarsu ke aure a ƙasar waje. Wani lokaci matar ce ke gida tana son zuwa ganin mijinta. Wani lokaci kuma tana zaune can, tana son zuwa gida gaisuwa ko ta'aziyya, sannan ta koma. A duk hali biyun, irin takardar da ke hannunta ita ce ke nuna ko za a bar ta ta shiga, da kwana nawa za ta yi, da kuma ko za ta iya komawa in ta fita. Wannan bayani ya ɗauki misalin Faransa. Za mu yi maganar mace, amma doka ɗaya ce ga namiji.

Mene ne biza?

Biza izini ce da wata ƙasa ke liƙawa cikin fasfo domin baƙo ya je ƙasarta. Aure shi kaɗai ba ya zama biza. Ɗan Nijar ko ɗiyar Nijar da ke auren ɗan Faransa, sai ya nemi biza kamar kowa, sai dai an sauƙaƙa masa wasu sharuɗɗa.

Faransa na cikin wani gungun ƙasashen Turai da ake kira Shengen, wanda aka sa hannu a kan yarjejeniyarsa a 1985. A 2025 ƙasashen sun kai 29, cikinsu har da Jamus da Italiya da Baljiyam da Spaniya. Ingila ba ta ciki. Wanda ya tashi daga Faransa ya je Ingila ya fita daga Shengen ke nan.

Mataki na farko: takardar aure

Ofishin biza ba ya aiki da ɗaurin aure na masallaci ko na coci kawai. Ana bukatar takardar aure ta hukuma, wadda ake samu a ofishin magajin gari. In mijin ɗan Faransa ne kuma an ɗaura auren a wajen Faransa, dole ya kai takardar a shigar da auren cikin rajistar hukumar Faransa. Wannan aiki yakan ɗauki watanni, don haka a fara shi da wuri. A kuma lura: dokar Faransa ba ta ba mutum izinin zama da mace fiye da ɗaya a ƙasar.

Bizar ziyara

Wannan ita ce biza ta gajeren zama, mai alamar harafin C. Tana ba da izinin zama kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana ƙidaya ranar shiga da ranar fita.

Misali: a ce mace ta shiga ranar 1 ga Maris ta fita ranar 29 ga Mayu. Ta cinye kwana 90 ɗinta. Ko da bizarta ba ta ƙare ba, ba za ta sake shiga ba sai ƙarshen watan Agusta.

Ga manyan sharuɗɗanta:

1. Fasfo wanda bai wuce shekara 10 da yi ba, mai shafi 2 da ba a rubuta komai ba, kuma wanda zai ƙara aƙalla wata 3 yana aiki bayan ranar dawowa.
2. Takardar aure da takardar da ke nuna ƙasar mijin.
3. Ana iya ajiye takardu tun wata 6 kafin tafiya, amma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15.

Tun watan Yuni na 2024 kuɗin wannan biza yuro 90 ne, wato wajen jika 59 na sefa. Matar ɗan Faransa ba ta biyan wannan kuɗi. Wadda mijinta baƙo ne a can, kamar ɗan Nijar mai aiki ko mai karatu, ita tana biya. Ana kuma neman ta da inshorar lafiya ta yuro 30,000 da takardar masauki wadda mijin zai karɓo daga ofishin magajin garin da yake zaune.

Shiga ɗaya ko shiga da yawa?

A kan takardar biza akwai wurin da aka rubuta yawan shiga. In an rubuta 01, shiga ɗaya ce: da zarar an fita Shengen, bizar ta mutu, ko da kwanaki sun rage. In an rubuta 02, shiga biyu ce. In an rubuta MULT, ana iya shiga da fita sau da yawa har ranar ƙarewarta, amma dokar kwana 90 tana nan. Wadda ta san za ta fita a tsakiyar ziyara, misali zuwa umara ko zuwa Ingila, ta nemi shiga biyu ko shiga da yawa tun farko, ta kuma faɗi dalili.

Bizar dogon zama

Wadda ke son zama tare da mijinta fiye da wata 3, bizar dogon zama za ta nema, mai harafin D. Ga matar ɗan Faransa, wannan biza takan yi shekara ɗaya kuma tana tsayawa a matsayin katin zama. Sharaɗi shi ne a tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 na farko bayan isa. In an tabbatar, matar na iya aiki, tana iya zuwa gida ta koma ba tare da sabuwar biza ba. Doka ta ce ba a hana matar ɗan Faransa wannan biza sai in akwai zamba, ko an warware auren, ko akwai barazana ga zaman lafiyar jama'a.

In mijin ba ɗan Faransa ba ne, hanyar daban ce. Sai ya yi aƙalla wata 18 yana zaune bisa doka, ya nuna yana da isasshen abin shiga da gidan da zai ɗauki iyali, sannan ya nemi izinin kawo iyalinsa.

Zuwa gida da komawa

A nan ne mutane da yawa ke shiga wahala. Kafin a sayi tikitin jirgi, a duba takardar da ke hannu:

1. Katin zama mai aiki tare da fasfo mai aiki: ana iya komawa ba biza.
2. Katin da ya ƙare tare da takardar wucin gadi ta sabuntawa, wadda ake kira resepise: ana iya komawa muddin resepise ɗin bai ƙare ba. A riƙe su biyun tare.
3. Resepise na neman kati karo na farko: wannan ba ya ba da izinin komawa. Wadda ta fita da shi sai ta nemi sabuwar biza.
4. Katin da ya ɓace, ko aka sace, ko ya ƙare ana gida: sai a nemi bizar komawa a ofishin jakadancin Faransa. Ofishin yakan tambayi hukumar da ta ba da katin kafin ya amsa, kuma wannan na iya ɗaukar makonni.

Mai katin zama na shekara 10 shi ma ya yi hattara: in ya wuce shekara 3 a jere a wajen Faransa, katin ya faɗi. Yaron da ba ɗan Faransa ba kuma bai kai shekara 18 ba yana da tasa takardar tafiya da iyaye za su nema masa kafin a fito.

Ina ake ajiye takardu?

A watan Janairu na 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Saboda haka, kafin a kashe kuɗin mota ko na jirgi, a duba shafin France-Visas na gwamnatin Faransa domin sanin ofishin da ke karɓar takardu. Wannan ma dalili ne na gyara takardun komawa tun ana can, domin gyara su daga gida ya fi wuya da tsada.

Abubuwan kiyayewa

Kada a wuce kwanakin da aka bayar. Tun watan Oktoba na 2025 ƙasashen Shengen suka fara rubuta shiga da fitar masu ziyara cikin kwamfuta, tare da hoton fuska da zanen yatsu. Wanda ya zarce kwanaki zai sha wuya wajen samun biza ta gaba.

Kada a ba ɗan kamasho kuɗi don ya yi alkawarin biza. Takardar jabu guda ɗaya tana iya rufe wa mace ƙofar zuwa wurin mijinta.

A yi kwafin fasfo da biza da katin zama, a ajiye ɗaya wurin miji, ɗaya wurin dangi a gida. Wanda karatun faransanci ya yi masa wuya, ya sami amintaccen mutum ya karanta masa abubuwa uku da ke kan bizar: ranar farawa da ƙarewa, yawan shiga, da yawan kwanaki. A rubuta su cikin littafi kafin a tashi.