Namugongo, Garin Shahidan Yuganda

Namugongo gari ne da ke gundumar Wakiso, kimanin kilomita 15 arewa maso gabashin Kampala, kuma tun kafin Kiristanci ya shiga ƙasar sarakunan Buganda suka keɓe shi don zartar da hukuncin kisa a kan waɗanda fada ta yi fushi da su. Mutanen wurin suna danganta sunan da kalmar "omugongo" ta harshen Luganda, wato gadon baya, saboda a kan bayansu ake jan waɗanda suka kasa tafiya zuwa inda hauni yake jiransu. Tun a zamanin Kabaka Mutesa na Ɗaya, wato sarkin Buganda, aka kashe wasu matasa Musulmi a nan saboda sun fifita dokokin addininsu a kan umarnin sarki, kuma akwai masallaci a garin don tunawa da su.

Limaman Katolika sun iso Buganda a shekarar 1879, suka sami mabiya da yawa a cikin samarin da ke hidima a fada, cikinsu har da Charles Lwanga, mutumin yankin Buddu. Da Mwanga na Biyu ya gaji mahaifinsa Mutesa a 1884, sai ya fara ganin sababbin addinan a matsayin barazana ga sarautarsa, musamman da yaran fada suka ƙi biya masa buƙatun da imaninsu ya haramta. A ranar 15 ga Nuwamba 1885 ya sa aka kashe Joseph Mukasa Balikuddembe, shugaban yaran fada, wanda ya yi masa faɗa kan kisan bishop ɗin Angilikan James Hannington. Lwanga, wanda bai kai shekara talatin ba, ya karɓi baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, a daidai wannan lokaci, ya kuma ɗauki nauyin yaran yana sane da abin da ya sami magabacinsa. Girmansa a nan yake, domin watannin da suka biyo baya ya yi su ne yana kare waɗanda ke ƙarƙashinsa, kuma da ya ga hukunci ya matso, sai ya yi wa wasu daga cikinsu baftisma da hannunsa, har da Kizito, yaro ɗan kimanin shekara 14.

A ƙarshen watan Mayu 1886 aka yanke wa Lwanga da 'yan uwansa Kiristoci hukunci a Munyonyo, aka kora su a ɗaure zuwa Namugongo, inda aka shafe kwanaki ana tara itace. Ranar 3 ga Yuni aka ware Lwanga aka ƙone shi shi kaɗai, sauran kuma, Katolika da Angilikan tare, aka naɗe su a cikin tabarmin kara aka cinna musu wuta a wani wuri da ake kira Nakiyanja.

A shekarar 1935 limaman Mill Hill suka kafa ikilisiya a garin, wato jama'ar masu bi da ke ƙarƙashin limami guda da majami'a guda. Fafaroma Paul na Shida ya ayyana shahidan Katolika 22 a matsayin waliyyai ranar 18 ga Oktoba 1964, ya kuma ziyarci wurin a 1969, kafin a buɗe babbar majami'ar a 1975. An yi ginin da siffar bukkar gargajiya a kan ginshiƙai 22, bagadensa kuma yana inda aka ƙone Lwanga, wanda Katolika suke ɗauka majiɓincin matasan Afirka.

A yawancin shekara rayuwar ikilisiyar ta sujada ce da makarantu da ɗaurin aure, amma da watan Mayu ya kama sai garin ya cika da masu ziyarar ibada, waɗansunsu sun tako da ƙafa makonni daga arewacin Yuganda, Kenya, Tanzaniya da Kwango. Suna kwana a filin majami'ar, suna ɗibar ruwan tafkin da ke gefenta a jarkoki don kai wa gida, har zuwa 3 ga Yuni, ranar da take hutu a duk faɗin ƙasar.