Yadda Aka Bar Hanyar Wata, Da Abin Da Ya Sa Aka Komo Mata

A watan Disamba na shekarar 1972 waɗansu Amurkawa biyu suka tattara duwatsun da suka tsinta a kan Wata, suka shiga kumbonsu Apollo 17, suka juyo gida. Daga kansu hanya ta mutu. Aka yi shekara fiye da 50 ba ɗan Adam ɗin da ya sake ɗora ƙafa can. Wanda bai san labarin ba sai ya zaci ilmin ne ya ɓace, alhali kuwa dalilin tafiyar ne ya ƙare.

Dalilin kuwa gasa ce tsakanin Amurka da Rasha. A shekarar 1957 Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na farko, mai suna Sputnik, a 1961 kuma mutuminta Yuri Gagarin ya kewaya Duniya. Abin ya ƙona wa Amurkawa rai, har Shugaba Kennedy ya yi alkawarin kai mutum Wata kafin 1970. Aka sakar wa hukumar NASA bakin aljihu. A 1966, cikin kowace dala 100 da gwamnati ta kashe, wajen dala 4 na wannan hukuma ne. Aikin har Kano ya shafa, gama in kumbo ya kewaya bayan Duniya maganarsa yankewa take, don haka aka kafa tashoshin saurare ƙasa ƙasa, ɗaya a Kano. Tana cikin waɗanda suka bi sawun John Glenn da ya kewaya Duniya sau 3 a 1962. A 1969 Neil Armstrong ya taka Wata, bayansa mutum 11 suka taka. Da gasa ta ƙare sai majalisa ta ɗaure bakin jaka, rabon NASA ya yi ta raguwa har ya kasa rabin dala cikin 100.

To, me ya sake ta da maganar? Abu na fari ruwa ne. A can ƙarshen Wata ta kudu rana ba ta hawa tsaka, sai dai ta yi ta rarrafe a gefen sama kamar da almuru. Saboda haka akwai ramuka masu zurfi waɗanda haske bai taɓa kai wa gindinsu ba, sanyinsu kuwa ya wuce misali. A 2009 NASA ta fyaɗa wani guntun roka cikin ɗayansu da gangan, aka auna ƙurar da ta tashi, sai ga ruwa a ciki, daskararre. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tafiyar mil 239,000, wanda ko kurɓi ɗaya sai ya yi guzurinsa daga gida. Ba sha kaɗai ba. In aka raba ruwa da lantarki yakan ba da iska iri biyu, ɗaya ita ce wadda mutum ke shaƙa, ɗayar mai kama wuta ce, in aka sake gama su kuwa sai su zama man roka. Watau dai an sami rijiya a tsakiyar hamada, inda ke da rijiya kuwa nan ayari ke yin zango.

Abu na biyu, sababbin 'yan gasa sun fito. Kullum fuska ɗaya Wata ke nuna wa Duniya, bayansa ba wanda ya taɓa sauke kumbo sai ƙasar Sin a 2019. A 2024 wani kumbonta, Chang'e 6, ya ɗebo ƙasar wajen, kusan kilo 2, ya kawo. Indiya ta sauke nata kusa da kudun nan a watan Agusta na 2023, kwana kaɗan bayan na Rasha ya faɗi ya tarwatse. Duk waɗannan ba mutum a cikinsu, amma Sin ta ce tana nufin kai mutanenta kafin 2030, maganar kuwa ta shiga kunnen Amurka sarai.

Sai dai NASA ba ta da aljihun da, don haka ta sake dabara cikin sabon shirinta mai suna Artemis. A zamanin Apollo ita ke tsara kumbo, ta biya a ƙera mata, ya zama nata. Yanzu wani sashe na aikin kwangila take bayarwa. A 2021 ta ba kamfanin SpaceX aikin ƙera kumbon da zai sauke mutane, a kan dala miliyan 2,900. Kamfanin nan ya yi suna ne tun 2015, da ya iya sa gindin rokarsa ya komo ƙasa ya sauka a tsaye don a sake aiki da shi, maimakon ya faɗa teku. Kwangila ta fi araha, amma mai shiga motar haya ba shi ke sa lokacin tashi ba, an kuwa ɗaga ranar saukar nan ba sau ɗaya ba.

Saura maganar mallaka, ita ce mai wuya. Yarjejeniyar 1967 ta hana kowace ƙasa ta ce Wata nata ne, amma ba ta fayyace ko ƙanƙarar da mutum ya haƙo da guminsa tasa ce ba. A 2020 Amurka da ƙasashe 7 suka sa hannu a wata takarda wadda ta ce haƙa ba mallaka ba ce. Nijeriya da Ruwanda suka shiga a 2022, su ne na fari daga Afirka. Sin da Rasha ba su sa hannu ba, a 2021 suka ƙulla shawarar gina tasu tashar a Wata. Zama a daidaita ma ba sauƙi, gama tun 2011 dokar Amurka ta hana NASA yin aiki da Sin sai da izinin majalisa. Ga shi kuwa tuddan da ke samun rana kusa da ramukan ƙanƙarar nan 'yan kaɗan ne, kuma kowane ɓangare idonsa na kansu.