Ƙanƙarar da Ke Kashe Firji

Ana saura kwana huɗu a kama azumi wata baiwar Allah ta bugo mana waya a shirinmu na safe. Firji, ko firigo kamar yadda muke cewa a nan Maraɗi, shi ne jarinta, da shi take sayar da zoɓo da ƙanƙara. Ta ce bangon firiza ya yi fari fat, ƙasa kuwa babu sanyi, zoɓo yana tsami. Mai gyara ya ce gas ya ƙare, ta biya aka ɗura, bayan mako biyu abin ya dawo. Ban iya ba ta amsa a ranar ba. Da na bi sawun maganar sai na tarar matsalarta sa'ar firjin kansa ce.

Da can ƙanƙara ake saya a sa cikin akwati don abinci ya yi sanyi. A 1806 wani ɗan kasuwar Boston mai suna Frederic Tudor ya fara yanko ƙanƙarar tafkuna yana kai wa ƙasashe masu zafi a jirgin ruwa, a 1833 har Kalkata ta Indiya kayansa suka isa. A 1834 Jacob Perkins ya yi rajistar injin sanyi mai matsa gas a Landan, amma sai a 1927, da kamfanin General Electric ya fito da samfurin Monitor Top, firji ya fara shiga gidajen Amurka da yawa. A Suwidin kuma ɗalibai biyu, Baltzar von Platen da Carl Munters, sun ƙirƙiro a 1922 wanda ke aiki da zafi, wanda Electrolux ya ɗauka. Irinsa mai kananzir ne ya daɗe yana ajiye alluran rigakafi a asibitocin karkara na Afirka.

Dukansu ciwonsu ɗaya. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa iska tana shiga da danshinta, danshin ya sauka a kan bututun da ya fi ko'ina sanyi, ya daskare. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ƙanƙara ta lulluɓe bututun kamar bargo, ya kasa zuƙe zafin da ke ciki. Shekaru da dama maganin ɗaya ne: uwargida ta kashe firji, ta kwashe kaya, ta sa tukunyar ruwan zafi, ta zauna tana goge ƙasa.

A shekarun 1950 kamfanonin Amurka irin su Westinghouse da Frigidaire suka fara tallan firjin da ba ya ƙanƙara. Sunan ya ɗan yi zuƙu. Ƙanƙara tana nan, ɓoye ta aka yi. An mayar da bututun sanyi bayan wani marfi a cikin firiza, an sa fanka tana hura sanyin zuwa sama da ƙasa. A jikin bututun aka ɗaura hita. Wani ɗan agogo, taima, yana ƙirga awannin aiki, bayan kamar awa 6 zuwa 12 ya tsayar da kwamfuresa ya kunna hitar na kimanin minti 20. Wani ɗan makunni mai jin zafi ya kashe ta idan ƙanƙara ta narke. Ruwan ya bi ta wani siririn bututu zuwa faranti a kusa da kwamfuresa, zafi ya busar da shi. Na zamani sun maye gurbin taima da allon lantarki da na'urar auna sanyi, amma dabarar ba ta canza ba.

Wanda ya san wannan ya san inda zai duba. Idan taima ta tsaya, ko hita ta ƙone, ko makunnin ya mutu, ƙanƙara za ta taru har ta toshe hanyar iska, wani lokaci a ji fanka tana karta. Firiza da ɗan sanyinsa, ƙasa ɗumi. Idan bututun ruwa ne ya toshe, za a ga ruwa a ƙarƙashin akwatin kayan miya. Gwajin da ba ya cin ko dala shi ne a zare soket, a bar ƙofofi a buɗe kwana ɗaya cur, a sake kunnawa. In ya yi aiki lafiya na mako ɗaya ko biyu sannan ya koma gidan jiya, laifin na kayan narkarwa ne. Gas kuwa ba ya ƙarewa kamar man babur, sai in ya samu kafar zurarewa, kuma alamarsa daban ce: ƙanƙara a gefe ɗaya kawai na bututun, sauran a bushe.

Mu nan muna da ƙarin namu. Yawancin firjinmu na hannu ne, an ƙera su don ƙasashen da wuta ba ta rawa, ga shi hawa da saukar wuta yana ƙona allon. Robar ƙofa ta tsufa, mai sayar da ƙanƙara kuma tana buɗewa sau ba adadi. Shi ya sa abin ya fi tsanani da damina, ya yi sauƙi da hunturu. A matse takarda da ƙofa a ja, in ta fito salin-alin robar ta gaji.

Sai batun wuƙa. Tun 1993, da kamfanin Foron na Jamus ya fara sayar da firji mai gas ɗin da ba ya ɓata sararin samaniya, gas mai lamba R600a ya bazu a duniya, kuma yana kama wuta. Wanda ya ɗauki wuƙa yana sassaƙar ƙanƙara, in ya huda bututu ya yi asarar firji, in da tartsatsi a kusa abin ya wuce asarar dukiya.

Baiwar Allah ta sake kiranmu a tsakiyar azumi. Wani mai gyaran ya buɗe marfin, ya auna da mita, ya tarar hita ce ta ƙone. Kuɗin sabuwa bai kai na gas ɗin da aka ɗura mata ba. Ta ce in faɗa wa mata 'yan uwanta, kafin su yarda a ɗura gas, su ce a buɗe marfin su gani da idonsu.