TARIHIN BIOS: YADDA AKA KOYI TAYAR DA KWAMFUTAR DA AKA CE TA MUTU

Ka danna makunnin tsohuwar kwamfutarka, fanka ta juya, ɗan fitilar ya kawo, amma sikirin baƙi ƙirin, ko tambarin kamfani bai fito ba. A garuruwanmu irin su Nasarawar Burkullu, Gummi da Anka, hukuncin da aka saba yankewa shi ne "bod ya ƙone", sai a kai Gusau ko Sakkwato, ko a jefa ta bayan ɗaki. Alhali sau da yawa bod ɗin lafiyarsa ƙalau. Wani ɗan IC ne da bai kai farcen yatsa ba ya manta karatunsa. Yau tarihin wannan IC za mu bi, domin a cikinsa hanyar gyaran take.

Kwamfuta in ta tashi ba ta san komai ba, ba ta san tana da RAM ko kibod ko rumbun ajiya ba. Akwai wani ɗan rubutu da take fara karantawa, shi ke duba kayan jikinta ɗaya bayan ɗaya sannan ya kira Windows. Shi ne BIOS. Wani Ba'amurke, Gary Kildall, ya fara amfani da sunan a 1975 a manhajarsa ta CP/M, sai kamfanin IBM ya sa shi a kwamfutarsa ta 1981, daga nan ya zama ruwan dare. BIOS ɗin waccan kwamfutar kilobayit 8 ne kacal.

Da farko a masana'anta ake dasa rubutun cikin IC, ba gogewa ba sakewa. In an yi kuskure sai dai a cire a sa wani. A 1971 wani injiniyan Intel, Dov Frohman, ya fito da nau'in da ake kira EPROM. Za ka gane shi da 'yar taga ta gilashi a bayansa, wadda ake rufewa da sitika. In ana son goge shi sai a cire shi daga bod, a ɓare sitikar, a sa shi ƙarƙashin fitila mai hasken UV na kamar rabin awa, sannan a sake rubutawa da na'ura ta musamman. Rubutun nasa caji ne ɗan mitsitsi da aka kulle a ciki, kuma cajin yana yoyo a hankali. Shi ya sa kwamfutar da ta shekara 30 a ajiye za ta iya ƙin tashi ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Sai a 1984 Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya gabatar da ma'ajiyar filash, wadda lantarki ke gogewa, ba sai an nemo fitila ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 masu ƙera bod sun koma kanta. Yanzu mutum zai iya sabunta BIOS yana zaune a gabanta. To amma ƙofar da mai gida ke shiga, ita ɓarawo ke bi.

A 1998 wani ɗalibi a Taiwan, Chen Ing-hau, ya rubuta bairos ɗin da ake kira CIH, harufan sunansa ke nan. Yana shiga kwamfutoci masu Windows 95 da 98 ya yi lamo. Ranar 26 ga Afrilu 1999 ya tashi. Ranar ta dace da zagayowar haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya goge farkon rumbun ajiya, sannan a wasu nau'o'in bod ya shiga BIOS ya zuba shara. Ƙasashen Asiya, musamman Koriya ta Kudu, sun ji jiki. Mutane sun wayi gari da kwamfutocin da kowane sashe nasu lafiya yake amma ba sa tashi.

A nan masu gyara suka yi amfani da wata dabara mai ban tsoro. A lokacin IC ɗin BIOS a soket yake zaune, ana iya zare shi. Sai a samo bod mai lafiya iri ɗaya, a kunna, a bari ya gama tashi. Tunda ya riga ya kwafe BIOS zuwa RAM, ba ya bukatar IC ɗin a wannan lokaci. Sai a zare mai lafiyar wuta na kunne, a cusa mara lafiyar, a rubuta masa sabon fayil. Hannu ya ɗan karkace, an yi asarar biyu. A 1999 kamfanin Gigabyte ya fito da bod mai BIOS biyu, in ɗaya ya lalace ɗayan ya karɓa.

Mu a nan Arewa, ta waya wannan ilimi ya fi shigo mana. Da GSM ta zo Najeriya a 2001, sai sana'ar gyaran waya ta buɗe, kalmar "filashin" ta shiga bakin kowa. Matasan kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano, da yaran da suka koya a wajensu suka koma garuruwansu, sun daɗe da sanin cewa wayar da ta tsaya a kan tambari ba lallai ta mutu ba. Abin da suke wa waya shi ake wa kwamfuta, hanyar shiga ce kawai ta bambanta.

Laftof ɗin hannu da ke shigo mana yau, BIOS ɗinsu yana cikin ɗan IC mai ƙafa 8 da aka like a bod, galibi na Winbond ko Macronix. Za ka ga lamba kamar 25Q64 a bayansa, wato megabayit 8. Ana rubuta shi da 'yar na'ura mai suna CH341A da ake sokawa a USB, tare da ɗan kilif mai kama ƙafafun, da manhaja irin AsProgrammer ko flashrom. Tsofaffin bod na shekarun 1990 masu IC mai ƙafa 32 kuwa sai babbar na'ura irin TL866. Aikin da a da sai kamfani, yau ya dawo kan teburin mai gyara.

Ga abin da tarihin ya koyar, a jere:

1. Kada ka fara da BIOS. Canza ɗan batirin bod, CR2032, ka goge RAM ka mayar, ka gwada wani sikirin.
2. Cire caja da batir duka kafin ka maƙala kilif. Jar wayar kilif tana zuwa wajen ɗigon da ke kan IC, nan ne ƙafa ta 1.
3. Duba lambar IC. Wasu 3.3 bolt suke ci, wasu 1.8, kuma na biyun sai da adafta. Ka kuma auna na'urarka da mita, don wasu baƙaƙen CH341A suna tura 5 bolt ta layin bayanai.
4. Karanta kafin ka rubuta. Kwafe abin da ke ciki sau biyu, ka tabbatar kwafin sun yi daidai, ka adana. Ko lalatacce ne, lambar kwamfutar tana ciki, kuma tun daga Windows 8 na 2012 har da makullin Windows.
5. Sabon fayil ya dace da lambar bod, ba sunan laftof kaɗai ba. Goge, rubuta, sannan ka sa manhajar ta tantance.

Abu biyu kuma sun shafe mu musamman. Na farko, a Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara na tsawon makonni. Mai gyaran da komai nasa sai ya sauke daga intanet, a irin wannan lokaci hannunsa a ɗaure yake. Duk bod mai lafiya da ya zo hannunka, nemi izinin mai shi ka kwafe BIOS ɗin, ka rubuta lambar bod a sunan fayil, ka ajiye a wuri biyu. Wata rana shi zai tayar da na wani.

Na biyu, in kilif ya ƙi karantawa har sai ka cire IC da wuta, ka sani cewa abin likin tsofaffin bod akwai dalma a ciki, don sai 2006 Turai ta taƙaita amfani da ita a kayan lantarki. Mutanen Bukkuyum da Anka ba sa bukatar a gaya musu illar dalma, bayan ɗaruruwan yaran da aka rasa a 2010. Kada ka yi aikin a ɗakin da yara ke wasa, ka share ɓurɓushin, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Ba kowace kwamfuta ce za ta tashi ba, wata da gaske bod ɗin ya tafi. Amma kafin ka sayar da ita ga 'yan gwangwan a kan kilo, bari a karanta wannan IC ɗin tukuna. Allah Ya sa albarka a sana'a.