Daga Dogon Doso zuwa Dogon Ɗan Isa

Duk wanda ya girma a Madarunfa ya san hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ya san jerin kamiyo a bakin duwan. Yau kuwa zancen jirgin ƙasa ake a fada da harabar lakwal. Kafin mu yi murna, ƴan uwa, bari mu waiwaya.

Dogo ya iso Kano a 1911. Gyaɗar Maraɗi ta can take bi zuwa Legas, har Faransa ta ga riba na sulalewa hannun Ingila. Na Faransa kuwa, da ya taso daga Kwatano, a Paraku ya tsaya a 1936, kilomita 438. Mun karɓi ƴanci a 1960 ba mu da ko taku ɗaya na dogo.

A Afrilun 2014 shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da aikin dogo a Yamai tare da kamfanin Bolloré na Faransa. Tsarin shi ne haɗin gwiwar gwamnati da ɗan kasuwa: kamfani ya zuba kuɗinsa ya gina, ya yi shekaru yana tafiyar da jirgi yana cire abinsa. An shimfiɗa kusan kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi biki a Janairun 2016. Amma wani attajirin Benin, Samuel Dossou, ya kai ƙara cewa shi aka fara ba aikin, kotun Kwatano ta ba shi gaskiya. Dogon bai haɗu da Paraku ba, bai ga teku ba, balle kaya. Ɗan kasuwa kuwa ba ya tuƙa jirgi don lada. Ƙarfen ya yi shekaru kwance, rairayi na binne shi.

Namu fa? A Fabrairun 2021 Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke aikin, kan kusan dala biliyan 2. Nan tsarin daban ne: Najeriya ce ke ɗaukar bashin, ita za ta biya. Kuma wannan dogo yana da mahaɗa, tunda Kano kasuwa ce tun zamanin fatake.

Sai dai an rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta a 2023. Jirgin da ke cin abinci da iyaka, ranar da aka garƙame ta me zai ɗauka? Manomin da dogo zai ratsa gonarsa, wa zai biya shi diyya, nawa, yaushe? Tasha za mu samu, ko ƙara kawai za mu ji yana wucewa?

Na Yamai da Doso sun ga biki, ba su ga yarjejeniya ba. Mu da muka iya karatu, mu nemi takardar mu karanta wa iyayenmu tun ba a kafa ƙarfe a gonakinsu ba.