Ayyukan Gwamnati, Kotuna da Filaye a Legas ta Zamanin Turawa

Legas ta shiga hannun Ingila a 1861, lokacin da Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin. An kafa Babbar Kotu a 1863. Gadar Carter ta haɗa tsibirin Legas da Iddo a 1901, ruwan famfo na Iju ya biyo baya a 1915.

Batun filaye shi ya fi zafi. Gwamnati ta karɓi wata ƙasa a Apapa, sai Cif Amodu Tijani, Oluwa na Legas, ya kai ƙara har Landan. A 1921 kotun ƙoli ta daular Ingila ta yanke cewa ƙasar ta jama'arsa ce, dole a biya cikakkiyar diyya.