Mujallun Zamanin SAP: Kada Su Ƙare a Hannun Mai Ƙosai

A wannan makon za mu waiwayi tsofaffin mujallun siyasa da tattalin arziki, mu ga dalilin da ya sa ya kamata mu riƙa tara su.

A watan Janairun 1985 ne Dele Giwa da Ray Ekpu da Dan Agbese da Yakubu Mohammed suka fito da Newswatch a Legas. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta ɓullo da shirin SAP, aka karya darajar naira, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, mujallu kuwa suka zama dandalin muhawara. Faɗar gaskiya a lokacin ba ta da arha. Ranar 19 ga Oktoban 1986 bom ɗin da aka aiko cikin ambulan ya kashe Dele Giwa a gidansa da ke Ikeja. A Afrilun 1987 aka haramta mujallar tsawon wata shida, saboda ta buga rahoton kwamitin tsara makomar siyasa kafin gwamnati ta fitar da shi. A Arewa, Analyst da takwararta ta Hausa, Fitila, waɗanda su Dokta Yusufu Bala Usman suke rubutu a ciki, sun yi ta sukar SAP. Citizen kuma ta fito a Kaduna a 1990.

Littafin tarihi zai ce an yi zanga-zangar SAP a Mayun 1989, ya wuce. Mujallar makon kuwa za ta nuna maka kuɗinta a bango, da tallan bankunan da suka durƙushe, da zanen barkwanci, da wasiƙun masu karatu suna kokawa. Duk mai son gina labari a wancan zamani, nan zai samu yadda mutane suke magana tun kafin su san ƙarshen lamarin. Sai dai kowace mujalla da inda ta karkata, don haka a haɗa biyu a kan batu ɗaya kafin a yanke hukunci.

Gara da ɗanshin damina suna cin su, magada kuma suna sayar wa masu ƙosai da tsire. Ku tambayi iyaye da tsofaffin malamai. Abin da kuka samu ku jera shi bisa kwanan wata, ku ɗaga shi daga ƙasa, ku ɗauki hoton kowane shafi da waya.

Wace tsohuwar mujalla ce ke gidanku? Ku faɗa mana sunanta da shekararta.